Allurai goma kafin in tafi makaranta

Ina aji huɗu na sakandare aka ƙara min wani aiki a kan shara da wanke-wanken safe. Kafin in sa kayan makaranta, Inna za ta miƙo min gwangwanin alewar da take ajiye kayan ɗinkinta, in zauna a dokin ƙofa inda haske yake, in zura mata zare a allurai goma. Ja uku, baƙi biyu, sauran ruwan toka ko ruwan ƙasa, gwargwadon abin da zanen hular ya nema. Sai in soke su a jere a jikin wani tsohon matashin kai, kowace da jelar zarenta. Aikinta na yinin ke nan. In alluran suka ƙare ban dawo ba, ko ta aika a kirawo mata ɗan maƙwabta, ko ta naɗe hular ta jira ni.

A 1997 ake wannan. Inna ba ta da takardar haihuwa, amma in aka yi lissafi da shekarun babbar yayarmu, ba ta wuce 44 ba a lokacin. Da ƙarfinta. Ita ke daka, ita ke surfe, ta ɗauko tulu daga rijiya ba ta sauke a hanya ba. Mutum na tahowa tun daga gindin kuka za ta ce ɗan gidan wane ne, in ya iso kuwa shi ɗin ne. Na nesa bai taɓa ɓoye mata ba. Abin da ke tafin hannunta ne ya fara gagarar ta.

Garinmu ƙaramin gari ne arewa da Kano, kuma duk mai harkar hula a yankin ya san hannun Inna. Zanna ɗaya takan ci mata wata guda ko fiye, domin ɗinkinta a matse yake, in ka juya cikin hular ba ka ganin ƙulli ko bakin zare. Dillaliya ke zuwa ta karɓa, a kai wa masu wanki, daga nan sai Kurmi, ta hau kan wani alhajin da bai taɓa jin sunan garinmu ba. Babanmu manomi ne, kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa a shekara. Daga kaka zuwa kaka kuɗin hula ne ke riƙe da cikin gida: sabulu, kananzir, zubin adashi, kwalla da tasoshin da ake tara wa yayyena, har kuɗin jarrabawata.

Abin bai zo mata rana ɗaya ba. Da fari hannu take miƙawa ta nisanta hular da fuskarta, ta ɗan karkata kai. Sai ta bar ɗinkin dare a gaban fitilar ƙwai. Sai ta bar ɗinki a ɗaki gaba ɗaya, ta koma tsakar gida tana bin rana da tabarmarta, ko da bazara ce. In la'asar ta yi ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, ta ce goshinta kamar zai tsage. Wata rana dillaliya ta dawo da hula a leda, ta juya ta gaba da baya a gabanmu, ta ce, "Wannan kam ba hannunki ba ne." Allurar ta riƙa sauka daga kan zane, wani fure ya fi ɗan'uwansa girma. Inna ba ta yi musu ba. Ta kwana biyu tana warwarewa, sannan ta ba wata yarinya a maƙwabta ta ƙarasa, suka raba kuɗin. Ban shekara biyu da gama sakandare ba ta rufe gwangwanin ta tura shi ƙarƙashin gado.

"Idon ya tafi." Haka take cewa in an tambaye ta. Mata su ce Allah ya sawwaƙe, girma ne, ciwon ido sai haƙuri. An yi magani irin wanda aka sani. An kawo mata kwalli tsarabar Makka, an ɗiga mata zuma, wani ya sayo maganin ɗigawa a kemis. Ba wanda ya kawo zancen gilashi, ni ma da nake zuwa boko ban kawo ba. A wurinmu tabarau na hedimasta ne da alƙali da manyan ma'aikatan ƙaramar hukuma.

Ta koma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wanda bai taɓa yi ba bai san wahalarsa ba: a soya gyaɗa, a murje, a kai niƙa, a dawo a yi ta juyawa a turmi da ruwan zafi har mai ya taso, a matse tunkuza, a mulmula, a sake komawa gaban wuta. Matar da ta saba zama a kan tabarma da allura ta yi shekara fiye da 20 a cikin hayaƙi, ribar kuma ba ta taɓa kamo ta hula ba.

Akwai abin da ya fi hular yi mata ciwo, sai daga baya na gane. A shekarun nan aka buɗe Islamiyyar matan aure a unguwarmu, ana zuwa bayan isha'i. Inna ba ta samu karatu da ƙuruciya ba in ban da surorin salla da ta riƙe da ka, saboda haka ta kama makarantar nan hannu bibbiyu. Ta koyi baƙi, ta koyi wasali, ta taso daga Nasi tana hawa har ta shiga Tabara. A nan ɗigo ya fara cakuɗe mata. Baƙaƙen ba da ta da nun suka zama abu guda, ba ta bambance fataha da rufu'a. Malama ta ɗaga ta karatu ta yi ta ɓatawa, amaren da ta haifa da cikinta suna gyara mata. Sai ta fara cewa ƙafarta ke ciwo, ta daina zuwa. Alƙur'anin ta sa shi a gafaka ta rataye.

Bara da azumi abin ya iso kaina. Shekarata 43, ina koyarwa a wata firamare a Kano. Na lura ina cika rajista ina tsallake layi, in sa wa wannan yaro alamar zuwa a gurbin wancan. Saƙon waya sai na miƙe hannu nake karantawa. Ranar da hankalina ya tashi sosai, ƙaramin ɗana ne ya yi zazzaɓi da tsakar dare, ba wuta, na haska kwalbar magani da fitilar waya in ga awon da ake ba mai shekarunsa, rubutun ya koma kamar jerin ƙiyashi. Sai da na tashi babbar 'yata daga barci ta karanta min. Na kwana ina tunanin makanta, maganar nan ta Inna tana ta dawo min.

Bayan ƙaramar salla na je asibitin ido. Aka sa ni karanta allon bango, na karanta har layin ƙasa. Aka yi min awon hawan jinin ido, aka haska ciki, aka tambaye ni ko ina da ciwon suga. Duk lafiya. Sai likitan ya miƙo min wani ɗan kati mai ƙananan rubutu, ya ɗora min wani firam mai nauyi a karan hanci, ya zura gilasai biyu a ciki. Rubutun ya fito tar, har da na can ƙasa da na ɗauka zane ne kawai. Ya ce, "Malama, idonki lafiya lau. Shekaru ne. Da lamba +1.25 za ki fara."

Ya yi min bayani, kuma zan maimaita shi yadda na fahimta, domin da an taɓa yi wa wani a gidanmu shi da labarin ya bambanta. A cikin ido, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai wadda ba ta fi ƙwayar wake ba. Ita ke tattara haske ya sauka daidai a bayan ido. In za ka dubi abu na kusa, wani siririn nama da ya kewaye ta yakan tsuke, sai ta ƙara tudu, abin ya fito sosai. In ka ɗaga kai ka dubi nesa sai ta koma ta baje. A idon yaro laushi gare ta kamar ɗanyen ƙaro, shi ya sa yaro zai kai littafi dab da hancinsa ya karanta ba wahala. Tun ƙuruciya take taurarewa a hankali mutum bai sani ba, sai tsakanin shekara 40 da 45 taurin ke kaiwa inda ba ta iya kamo abin da ke nisan kamu ɗaya. Ta ci gaba a haka har wajen 60 zuwa 65 sannan ta tsaya. Kowa sai ya same shi in ya yi tsawon rai, kamar furfura. Kwalli ba ya maganinsa, maganin ɗigawar da aka saba saye a kemis ba ya yi, amma gilashi mai ɗan tudu yana yin aikin da ƙwayar ta kasa. Ya kuma ce haske mai ƙarfi yana sa ƙofar ido ta tsuke, in ta tsuke gani ya ɗan ƙara kaifi. A nan na ga Inna tana jan tabarma tana bin rana.

Likitoci suna ce masa firesbiyofiya, kalma ce daga Girkanci mai nufin idon tsoho. Na yi ta neman sunansa a Hausar da na tashi da ita. Muna da yana, muna da hakiya, muna da dundumi da amosani, kowanne da sunansa da maganin da ake nema masa. Wannan kuwa, da ya fi su duka yawa, sai dai a ce ido ya yi rauni ko girma ya zo. Ina ganin shi ya sa ba a nema masa magani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2019 kan gani, ta ce mutum biliyan 1.8 ne ke da shi, kuma miliyan 826 daga cikinsu ba su da gilashin da ya dace da su. A nan kusa da mu, likitocin ido sun bi ƙauyukan ƙaramar hukumar Bungudu a jihar Zamfara suna awo, aka wallafa sakamakon a 2015. Cikin waɗanda suke buƙatar gilashin, masu shi ba su kai 1 cikin 100 ba. Ba na jin garinmu zai fi Bungudu.

Kafin in tashi na tambayi likitan, wadda ta shekara 27 da wannan matsala, zai yi mata? Ya ce in babu wani ciwon a idon, zai yi. Na ce in kuma ba za ta iya zuwa Kano ba fa, kuma ba ita kaɗai ba ce? Ya yi shiru kaɗan, sannan ya jawo takarda ya koya min. A ba mutum aikin da ya saba yi, ya riƙe shi a nisan da ya saba, wajen santimita 40. A fara da ƙaramar lamba ana hawa, a tsaya a kan mafi ƙanƙantar da ta fito masa da abin sosai. Mai shekara 40 da 'yan kai yawanci +1.00 zuwa +1.50 ne, mai 50 wajen +2.00, daga 60 zuwa sama +2.50 ko +3.00. A gaya masa na aikin kusa ne, ba a tafiya da shi, ba a tuƙi da shi. Ya buga tebur da biro ya ce, "Amma duk wanda ba ya ganin nesa sosai, ko ido ɗaya ya fi ɗaya, ko yana ciwo ko ja, ko mai suga ne, kada ki ce kin gama da shi. Asibiti za ki turo shi."

Ana saura kwana uku babbar salla na shiga kasuwar Sabon Gari na sari dozin biyu, lambobi daban-daban. Kuɗin guda ɗaya bai kai na kwanon shinkafa ba.

Inna ta dubi ledar, ta dube ni, ta ce, "Ke 'yar nan, ni da ban yi boko ba, me zan yi da gilashin karatu?" Ba ita kaɗai ta faɗi haka ba a kwanakin nan. Sunan da muka sa masa ya kori rabin masu buƙatarsa. Gilashin karatu, sai ka ce na 'yan jarida ne da malaman makaranta. Alhali mai tsintar tsakuwa a shinkafa tana buƙatarsa, da mai cire wa jikanta ƙaya, da mai kitso, da mai lalle, da wanzami, da manomin da ke duba ƙwari a bayan ganyen wake, da duk wanda zai ƙirga canji ko ya duba ko kuɗin da aka ce an turo masa sun shigo waya. Daga ranar na daina kiransa haka. Gilashin aiki nake cewa.

Ban yi mata gardama ba. Na durƙusa na jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado. Murfin ya yi tsatsa, sai da na sa wuƙa. Alluran suna nan a soke a wani ƙyalle, zaren ya koɗe. Muka fito tsakar gida, na sa mata +2.00, ta ce da sauƙi-sauƙi. Na sa mata +2.50, ta yi shiru. Da na sa mata +3.00 na miƙa mata allura da zare, ta lashi bakin zaren ta murza kamar yadda take yi a da. Na farko ya goce. A na biyu ya shige. Ta zare shi ta sake zurawa, ta sake zarewa ta sake zurawa, sau huɗu ina ƙirgawa. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashin ta ce, "Tun yaushe ake yin wannan abin?"

Na san amsar, na kasa faɗa mata. A Italiya aka fara haɗa tabarau wajen shekarar 1290, kuma na farkon da aka yi saboda wannan matsalar ce tak aka yi shi, domin dattawa masu kwafar littattafai da masu sana'ar hannu su ci gaba da aikinsu. Sama da shekara 700 ke nan. Ranar da dillaliya ta dawo mata da hula akwai shi a Kano, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Na ce mata, "An daɗe, Inna."

Na sha yin lissafin abin da ta rasa, ba ya fita. Wasu dai sun auna irinsa a wasu ƙasashe. A jihar Assam ta Indiya an ɗauki masu tsinkar ganyen shayi 751, duk masu shekara 40 zuwa sama, aka ba rabi gilashi aka ce rabi su jira. Masu gilashin suka riƙa tsinko ƙarin kilo 5 da ɗoriya a rana, wato aikinsu ya ƙaru da kashi 21.7 cikin 100, kuma dattawan cikinsu ne suka fi samun ƙarin. A 2018 aka wallafa wannan. A Bangaladash an yi makamancinsa da mutanen karkara 824, teloli da masaƙa da manoma da masu kanti, sakamakon ya fito a 2024: kuɗin da masu gilashin ke samu a wata ya ƙaru da kusan kashi 33 cikin 100. Masu tsinkar shayin nan ma waɗanda ke kan sana'arsu ne. Inna barin tata ta yi ɗungurungum, a daidai shekarun da hannunta ya gama nuna. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Mai sana'a sai ya kai 40 yake zama gwani, a nan kuma ido ke janye masa, mu kuma mu ce ya tsufa ya ba yara wuri.

Kafin magariba labari ya zaga. Washegarin salla ɗakin Inna ya cika da mata, kowa da abin da ta riƙo, wata faifan wake, wata waya, wata carbi mai ƙananan 'ya'ya da ya tsinke tun bara. Ba duka aka dace ba. Goggo, yayar babanmu, na gwada mata tun daga +1.00 har +3.00, ta ce duk hazo ne. Na fito da ita haske na duba, ga fari-fari a tsakiyar baƙin idonta na dama, na hagun ma ya fara. Yana ce. Ta shekara uku tana lalube a ɗakinta, kowa na cewa tsufa. Bayan wata biyu muka kawo ta Kano aka yi mata aiki a ido ɗaya, yanzu da kanta take zuwa gidan suna.

Matar yayana, wadda ba ta wuce 42 ba, +1.25 ya yi mata daidai. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zani, ta ja ni gefe ta ce ba za ta sa a gaban maigidan ba. "In ya gan ni da wannan, ai na ba shi hujjar ƙaro aure." Da gaske take, kuma na san ba ita kaɗai ke wannan tsoron ba. Wata kuma ta ce kishiyoyi za su ce iyayi take. Ban da abin da zan ce musu in ban da su sa shi a ɗaki in suna aiki.

Baffa kuwa ƙi ya yi ƙememe. Tela ne a bakin kasuwa, shekara da shekaru yaron shagonsa ke zura masa zare a keke. Ya ce, "Medikal cin ido yake. Na ga wanda ya fara da ƙarami, yau ga shi da mai kauri kamar gindin kwalba, in ya cire ba ya ganin komai." Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, ba gilashin ne ya jawo masa ba." Ƙwayar nan taurarewa take yi ko an sa ko ba a sa ba, shi ya sa lamba ke hawa duk bayan 'yan shekaru. Wanda kuma ya saba gani tar, in ya cire sai hazon da ya daɗe yana haƙuri da shi ya zame masa sabo. Baffa ya saurare ni har ƙarshe ya ce ya ji. Na ajiye masa +2.25 a aljihun keken na tafi. Har yau ban gan shi da shi ba, amma ɗansa ya ce min da dare yana sawa in zai duba littafin bashi.

Da na dawo na ba wata abokiyar aikina labari, mijinta ma'aikacin lafiya ne, ta dawo min da saƙonsa cewa abin da na yi ganganci ne, ba a sa wa mutum gilashi sai likita ya duba shi. Na ɗauki maganar da muhimmanci, domin tana da tushe. A binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, an duba mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, aka samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yana ce kan gaba, hawan jinin ido na biye, shi kuwa ba ya ciwo, ta gefe yake cin gani a ɓoye, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Mutum zai iya sa gilashin kasuwa ya ga allura tar alhali wannan ciwon na cinsa. Duk wanda ya kai 40 ya kamata a auna idonsa, ban ja da wannan ba.

Inda muka rabu da shi, yaya za a yi da matan da ke ɗakin Inna ranar nan? Asibitocin ido masu kyau muna da su. Asibitin ECWA yana Kano tun 1943, ga asibitin Makka, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Duk a birni suke. Matar ƙauye kafin ta isa can sai ta nemi izini, ta nemi ɗan rakiya, ta biya kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa, ta yanki kati, ta bi layi, ta bar sana'arta yini guda, sannan a nuna mata firam da kuɗinsa ya fi abin da take samu a wata. Saboda ba ta ganin kafar allura ba za ta yi wannan tafiya ba, ba kuma wanda zai kai ta. In aka ce sai ta wannan hanya kaɗai, an ce ta haƙura ke nan, kamar yadda Inna ta haƙura. Goggo kuwa ledar gilashin kasuwa ce ta kai ta gaban likita bayan shekara uku ba wanda ya kai ta.

A Bangaladash tun 2006 ƙungiyar BRAC da VisionSpring suke koya wa matan da ke aikin lafiya a ƙauyuka wannan ɗan gwajin, su sayar da gilashin da araha, wanda matsalarsa ta fi ƙarfinsu su tura shi asibiti. Mu ma muna da masu yinsa in an koya musu: ma'aikatan ƙananan asibitocin mazaɓu, matan da ke bi gida-gida rigakafi, masu kemis da ke kowane lungu. Abin da likita ya koya min a ƙasa da rabin awa ba zai gagare su ba. A 2023 Shugaba Tinubu ya amince da shirin raba tabarau miliyan 5 ga 'yan Nijeriya, wanda ake kira Jigi Bola, sunan wanda ya yi a Legas yana gwamna. Na yi murna da jin haka, Allah ya sa ya kai ƙauyuka. Sai dai rabo na rana ɗaya ne, gilashi kuwa yana karyewa, jika ya zauna a kai, lamba ta canza bayan shekara uku ko huɗu. Ni abin da nake so in gani, ranar kasuwar garinmu, mai tebur ɗin da ke sayar da zare da allura da almakashi a ce yana da shi a gefe, da lambobinsa a jere da ɗan katin gwaji. Yanzu in ka zaga kasuwar kaf, baƙin gilashin samari kawai za ka samu a kafe a jikin allo.

Inna ta koma Islamiyya da aka dawo hutun salla. Malamar da ta sani ta rasu, wata yarinya ce sa'ar jikarta ke koyarwa. Ta ce a mayar da ita Amma ta faro, domin baƙin ya kwance mata. Ƙuli-ƙuli dama ta bari tun da gwiwa ta matsa mata. Ta sa an zana mata 'yar ƙaramar hula, ta ɗana ce, wata huɗu ke nan tana kai ba ta kai rabi ba, yatsun sun yi nauyi, kafaɗa na gajiya da wuri. Na ga wurin da ta ɗinka. A matse yake, na juya cikin ban ga ƙulli ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce wayata ta yi ƙara, lambarta ce. Na ɗauka ina jiran in ji muryar jikan da ya saba danna mata, sai na ji tata. Ta ce ita ta nemo sunana da kanta. Bayan mun gaisa ta ce in zan zo in taho mata da zare ruwan goro ƙulli biyu, kada in sayo mai zuba. Sannan ta ce mata shida a ajinsu sun ba ta saƙo, ta riga ta gwada musu nata, biyu ya yi musu daidai, huɗu sun ce ya yi musu ƙarfi. Na ce ta dakata in ɗauko biro. Na sa nawa gilashin, ta fara lissafo min su ɗaya bayan ɗaya, da wadda ta girme wa, da wadda aka yi wa aure shekara ɗaya da yayata, ni kuma ina ƙiyasta shekaru ina rubuta lamba a gefe.